Mugun Hawan Jini da Makomar Ƙoda a Ƙasashen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa



Na san akwai waɗanda da suka ga kan wannan lacca a jikin allo suka ce a ransu, me ya haɗa kifi da kaska? Malamin Hausa, wanda aka sani da nahawu da karin magana, ina shi ina zancen jini da ƙoda? Amsar kuwa ita ce, kafin marar lafiya ya isa gaban likita sai ya fara raɗa wa ciwonsa suna, kuma sunan nan da ya raɗa shi ne zai nuna masa ƙofar da zai nufa, ko ta mai kemis, ko ta wanzami, ko ta malam, ko ta asibiti. In kuwa ya dace ya shiga asibitin, abin da likita ya koya da Turanci da Hausa za a faɗa masa, kuma abin da ya fahimta cikin Hausar nan shi zai tafi da shi gida, shi ne zai yi aiki da shi. To, nan ne gonata. Ilmin cutar na likitoci ne, daga rubuce-rubucensu na ɗebo shi, ga su nan kuwa zaune a gabana.

Maganar da zan yi guda ɗaya ce, ko da yake za ta ratsa da mu wurare da yawa. Akwai wani irin hawan jini wanda shekaru 80 da suka wuce duk wanda ya kama da wuya ya ga zagayowar shekara. Yau, a inda ake samun magani ba yankewa, tara cikin goma na masu shi suna haye shekara biyar a raye. Abin da ya kawo wannan sauyi shi ne ƙwayar da ake haɗiya kowace safiya, da kuma isa asibiti tun ƙoda ba ta gama lalacewa ba. Waɗannan abubuwa biyu su ne suka yi wuya a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, kuma cikin abin da ya ƙara musu wuya har da kalmomin da mu Hausawa muke kiran cutar da su.

Hawan jini iri biyu ne

Zuciya famfo ce, tana tura jini cikin hanyoyinsa kamar yadda injin ban-ruwa yake tura ruwa cikin tiyo. In an ɗaura wa mutum na'urar awo a dantse akan sami lamba biyu, ta sama ita ce ƙarfin turawa lokacin da zuciya ta matse, ta ƙasa kuwa ƙarfin da ya rage lokacin da ta saki. Wajen 120 bisa 80 shi ne lafiya. Wanda aka auna sau da yawa aka tarar yana kai 140 bisa 90 ko ya wuce, shi ake ce wa mai hawan jini. A rahotonta na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum wajen biliyan 1.3 ne ke ɗauke da shi, kusan rabinsu ba su ma sani ba, kuma huɗu cikin biyar ba sa samun kulawar da ta isa. A Nijeriya kuwa bincike ya nuna kusan baligi ɗaya cikin uku yana da shi. Wannan shi ne hawan jinin da kowa ya sani, mai cin jiki irin cin gara, shekara goma ko ashirin mai shi yana noma yana cin kasuwa, ba ya jin komai.

Na biyun shi ne abin maganarmu. A wurin wasu ƙalilan daga cikin masu hawan jini, galibi waɗanda ba su taɓa shan magani ba ko waɗanda suka fara suka bari, awon yakan yi tsalle ya wuce 180 bisa 120, sa'an nan ƙananan hanyoyin jini su fara fashewa da toshewa cikin ’yan makonni. Likita yakan gane shi ta wurin haska cikin ido da wata ’yar tocila, domin ido ne kaɗai wurin da ake iya ganin hanyoyin jinin ɗan’adam ƙiri-ƙiri ba tare da an tsaga shi ba. Can a bayan ƙwayar idon zai hangi ɗigon jini da wasu fararen tabo kamar auduga, wani lokaci ma kan jijiyar gani ya kumbura. Abin da ya gani a ido, shi ne yake faruwa a ƙwaƙwalwa da zuciya da ƙoda. Kuma ba tsofaffi ya fi kamawa ba, sau da yawa magidanci ne ɗan shekara 40 ko 50, wanda gida yake tsaye a kansa. Turawa sun ara masa siffar da suke ba mugun ciwon daji, saboda a da kwanakin mai shi ba su fi na mai dajin tsawo ba. Ni kuwa a wannan lacca zan kira shi mugun hawan jini.

Wasu likitocin Jamus biyu, Volhard da Fahr, su ne suka bayyana irin ɓarnar da yake yi wa ƙoda a 1914. A 1939 Keith da Wagener da Barker na asibitin Mayo a Amurka suka kasa masu hawan jini kashi huɗu bisa ga abin da aka gani a idonsu, suka tarar waɗanda ke kashi na huɗu kusan takwas cikin goma ba su cika shekara ɗaya ba. Kada a ɗauka talaka kaɗai yake kayarwa a wancan zamani. Shugaban Amurka Franklin Roosevelt, ranar da ya rasu, 12 ga Afrilu 1945, awon jininsa 300 bisa 190 ne, jini ya fashe masa a ka, yana da shekara 63, alhali likitocin ƙasar duka suna ƙarƙashin ikonsa. Ba su da abin ba shi. Abin da ake da shi a lokacin bai wuce ciyar da mutum shinkafa ba gishiri, ko a yi masa babbar tiyata a yanke wasu jijiyoyi a gadon bayansa ba.

Daga wajen 1950 magunguna suka fara fitowa, masu ƙarfi da wahalar sha tukuna, sa'an nan masu sauƙi. A birnin Bamingam na Ingila akwai asibitin da ya daɗe yana rubuta sunan duk mai mugun hawan jinin da ya zo masa. A 2009 Lane da Lip da Beevers suka buga labarin mutum 446 daga wannan rajista. Cikin waɗanda aka gano cutarsu kafin 1977, kashi 32 cikin ɗari ne suka kai shekara biyar. Cikin waɗanda aka gano tsakanin 1997 da 2006 kuwa, kashi 91 ne. Sai dai tsira da rai daban, tsira da ƙoda daban. A Amstadam ta ƙasar Holan an bi mutum 120 har wajen shekara biyar da rabi, aka buga sakamakon a 2012, aka tarar kusan ɗaya cikin huɗu ƙodarsa ta mutu gaba ɗaya. Da aka duba abin da ya raba waɗanda ƙodarsu ta mutu da waɗanda tasu ta tsira, sai aka ga abu biyu ne: yawan ƙodar da ta rage wa mutum ranar da ya fara zuwa, da kuma ko jininsa ya zauna a danne bayan an sallame shi. Ina roƙon ku riƙe waɗannan biyun, domin duk sauran maganata a kansu ta rataya.

A nan Afirka an daɗe ana zaton cutar ba tamu ba ce. A 1929 wani likita Bature, Donnison, ya auna mutane a bakin tafkin Biktoriya a Kenya, ya ba da labarin cewa bai ga hawan jini a cikinsu ba, aka ɗauki wannan magana aka yi ta yawo da ita shekara da shekaru. Wanda ya fi kowa rushe ta shi ne marigayi Farfesa Oladipo Akinkugbe na Ibadan, da littafinsa kan hawan jini a jikin ɗan Afirka wanda ya fito a 1972. Mutanen Zariya sun san shi, don ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1978 zuwa 1979. Bayansa Farfesa Solomon Kadiri da abokan aikinsa a Ibadan sun yi nazarin mugun hawan jini musamman, suka ga ya fi aukawa marasa hali da waɗanda ba sa kan magani. A 2010 kuma aka gano wani sauyi a ƙwayar halitta mai suna APOL1, wanda ya yawaita a Afirka ta Yamma. Ya kare kakanninmu daga wani nau'in ciwon barci da ƙudan tsando ke kawowa, amma yana sa ƙodar mai ɗauke da shi ta fi saurin lalacewa. Ke nan cutar tamu ce, har ma ta fi yi mana illa.

Yadda ƙoda ke kashe kanta

Bahaushe ya san ƙoda a teburin mahauci da wurin mai tsire, amma kaɗan ne suka san aikinta. Kowace ƙoda tana ɗauke da ’yan ƙananan matatai wajen miliyan ɗaya. Su biyun suna tace ruwan jini kimanin lita 180 kowace rana, watau jarka tara mai cin lita 20, su mai da kusan dukkansa cikin jiki, su fitar da wajen lita ɗaya da rabi, shi ne fitsari. Ban da tacewa kuma, ƙoda tana da hannu wajen daidaita ƙarfin jini. In ta ji jinin da ke iso ta ya ragu, sai ta saki wani sinadari mai suna renin, wanda ke sa hanyoyin jini su tsuke, jiki ya riƙe gishiri da ruwa, awo ya ɗaga. Wannan rahama ce ga wanda ya yi zubar jini ko ya yi zawo.

A mugun hawan jini kuwa, rahamar nan ce take juyewa. Ƙarfin jini yakan ji wa ƙananan hanyoyin da ke cikin ƙoda ciwo, bangonsu ya yi ta kauri falle bisa falle, har likitocin da suka duba da madubi suka ce kamar an yanka albasa. Ramin da jini zai bi ya ƙuntata. Ƙoda ba ta da ido, abin da ta sani kawai shi ne jini ya rage iso ta, sai ta ƙara sakin renin. Ku ɗauka mai lambu ne a ƙarshen layi, tiyonsa ya toshe, shi kuwa bai sani ba, sai ya yi ta aika wa mai inji cewa a ƙara wuta. Ana ƙarawa tiyon na ƙara lalacewa, ruwa na ƙara raguwa, shi kuma yana ƙara aikawa. Haka za a yi ta yi har matatan su mutu, kuma wanda ya mutu a cikinsu ba ya dawowa.

Akwai abu biyu a nan da ya kamata dangin marar lafiya su sani. Na farko, likita ba ya saukar da irin wannan jini gaba ɗaya. Ƙa'idarsu ita ce kada a rage fiye da kashi ɗaya cikin huɗu a sa'o'in farko, domin ƙwaƙwalwa ta riga ta saba da ƙarfin, in aka janye shi farat ɗaya mutum na iya shanyewa ko ya makance. Wanda ya ga an kwana biyu awon ɗan’uwansa bai koma daidai ba, kada ya ce likita bai iya ba. Na biyu, in aka fara magani aikin ƙoda kan ɗan ƙara ja baya kafin ya tsaya, wani kuma har sai an sa shi a na'ura. Amma an sha ganin waɗanda suka yi watanni a na'ura, da jininsu ya zauna a danne, ƙodarsu ta farfaɗo har aka cire su. Wannan ya fi faruwa ga wanda hoto ya nuna ƙodarsa ba ta riga ta ƙanƙance ba. Ga wanda ya zo da wuri ke nan.

Hanya da aljihu

Yanzu sai mu ɗauki waɗannan sharuɗɗa biyu, zuwa da wuri da rashin yanke magani, mu kai su kudu maso yammacin Jihar Katsina. Ƙasa ce ta noma, masara da dawa da waken suya da auduga, wadda Daudawa ta yi suna da ita tun zamanin Turawa. Kuma ƙasa ce da ta jingina da dazuzzukan da suka haɗa Katsina da Zamfara da Birnin Gwari. Kowa a nan ya san abin da ya same ta. A watan Yunin 2020 aka kashe mutane masu yawa a Kadisau ta Faskari. A daren 11 ga Disamba na shekarar nan aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin jiha ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, a watan Satumba kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da waɗannan uku. A Janairun 2025 ’yan bindiga suka shiga Babban Asibitin Ƙanƙara kansa, suka harbi likita suka ji masa rauni, suka tafi da mutane. A cikin 2025 ɗin kuma an yi zaman sulhu a wasu daga cikin waɗannan wurare.

Waɗanda harsashi ya kashe ana ƙirga su, jarida takan buga. Ba a ƙirga mutumin da ya baro ƙauyensa da dare da rigar da ke wuyansa, ya bar ledar maganinsa a ƙarƙashin matashi, ya zauna a gidan ɗan’uwa a Funtuwa ko Malumfashi, ya yi wata huɗu bai haɗiyi ƙwaya ba saboda abin da ya samu na hatsi ne. Ba a ƙirga wanda ɗan asibitin garinsu ya rufe don ma'aikacin ya gudu da ransa, ko wanda ya sayar da shanun noma ya fanshi ɗansa. Mai zazzaɓin sauro yana bukatar magani na kwana uku, in ya samu ya wuce wurin. Mai hawan jini yana bukatarsa kwana 365 a shekara, saboda haka duk abin da ya yanke hanya ko ya rufe kasuwa shi yake fara taɓawa. Daɗin daɗawa, daga 2023 da darajar naira ta faɗi kuɗin magani ya yi tashin gwauron zabo.

In kuwa ƙoda ta mutu, lissafin ya fi ƙarfin manomi. Ana bukatar na'ura sau uku a mako, kowane zama wajen sa'a huɗu, kuma galibi sai an dangana da manyan asibitoci irin na Katsina ko Shika ko Kano. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar rage kuɗin zama ɗaya daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta. An gode, amma a lissafa: zama 12 a wata ya kama naira 144,000, watau ya ninka mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka tsayar a 2024, ban da kuɗin mota daga Sabuwa ta Ɗandume, ban da ƙarin jini da masauki. Dashen ƙoda ana yin sa a ƙasar nan, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara tun 2002, amma wannan zancen miliyoyi ne, bayansa kuma akwai wani maganin na har abada. Kuɗin zama ɗaya a na'ura zai saya wa mutum ƙwayar hawan jini ta watanni.

Harshe

Hanya da aljihu ba a hannun malamin Hausa suke ba. Bari in dawo gonata, in ɗauki kalmomin ɗaya bayan ɗaya.

Mu fara da sunan kansa. "Hawan jini" fassara ce mai daɗin faɗa, ta kuma zauna daram a bakin mutane, amma tana ɗauke da wata illa. A Hausa duk abin da ya hau ana sa ran zai sauka: an hau doki an sauka, farashi ya hau ya sauka, fushi ma haka. Don haka mai hawan jini yakan ɗauki ciwonsa kamar baƙo mai zuwa ya tafi. In aka auna aka ce masa, "Alhaji, yau jininka ya sauka," abin da ma'aikacin yake nufi shi ne magani yana aiki. Abin da Alhaji ya ji kuwa shi ne an sallame shi. Bugu da ƙari, mun ɗaure kalmar da ɓacin rai, har mukan ce wa yaro mai ƙiriniya, "Kada ka sa mini hawan jini." Gaskiya ne tashin hankali yana ɗaga awo, mutanen Faskari kuwa sun ga tashin hankali. Amma wanda ya ɗauka ɓacin rai ne kaɗai tushen ciwon, ran da hankalinsa ya kwanta zai ajiye magani, matashin da ba ya jin yana da damuwa kuma ba zai yarda a auna shi ba.

Sai kalmar "magani". A tunanin Bahaushe magani abin da ke kashe cuta ne, a sha a warke. Abin da za a sha shekara goma ba a warke ba, ba a ganinsa da daraja, sai a ce ai na Bature lallaɓawa yake yi, na gargajiya ne ke tumɓuke ciwo daga saiwa. Mai tallar magani da lasifika a ranar kasuwa ya san wannan sarai, shi ya sa yake alkawarin rabuwa da hawan jini har abada cikin kwana bakwai. Ya fi likita iya Hausa, wannan ita ce gaskiyar da ba mu son faɗa. Daga nan ne kuma wata magana ta yaɗu, wai yawan shan maganin hawan jini ne ke kashe ƙoda. Ana iya ganin inda ta samo asali: mutum ya yi shekaru cutar na cin ƙodarsa a ɓoye, ya zo a makare, an fara ba shi ƙwaya, bayan wata biyu aka ce ƙoda ta taɓu. Sai laifi ya faɗa kan wanda aka gani, wanda ba a gani ba ya sha. Ƙwayoyin da ke cutar ƙoda da gaske kuwa su ne na ciwon jiki, irin su daikulofenak da ibufurofen, waɗanda manomi ke karɓa a ƙulle cikin leda da sunan maganin gajiya, kullum ya taso daga gona. Suna ɗaga jini, suna kuma rage jinin da ke isa ƙoda.

Abu na uku ya fi waɗannan zurfi. Hausa takan kira ciwo da sunan wurin da ake jin sa, ko da abin da ido ya gani: ciwon kai, ciwon ido, kumburi, farfaɗiya, haki. Masanan da suka zauna a ƙasar Malumfashi, maƙwabciyar Ƙanƙara, suka yi nazarin yadda mutane ke neman magani, irin su Murray Last da Lewis Wall, sun nuna yadda marar lafiya ke zagaya masu magani iri-iri, kowa da fanninsa. To, mugun hawan jini cuta ɗaya ce mai fitowa ta ƙofa biyar. Ciwon kan da ke sara a ƙeya da asuba, a kai shi wurin mai kemis, ko wanzami ya yi ƙaho ya zuƙe abin da ake kira mataccen jini. Gani dishi-dishi, a nemi tozali ko tabarau. Yawan tashi fitsari da dare, da fitsari mai kumfa, a ce sanyi ne. Kumburin ƙafa da fuska, a fara zargin an taka wani abu. In ya kai ga ruɗewa da jijjiga, sai a ce iska ce. Kowane suna daidai yake da abin da aka gani, amma ba sunan da ya tara su wuri ɗaya, kuma cikin makonnin da aka ɓata ana zagayen nan ne matatan ƙoda suke mutuwa. Ko kalmar "jijiya" ma ba ta taimaka mana ba, don da ita muke kiran hanyar jini, da ita muke kiran mai kai saƙo ƙwaƙwalwa, da ita muke kiran agara. In likita ya ce jijiyoyinka sun lalace, wace ce a ciki?

Wadda ta fi damuna ita ce "wankin ƙoda". Ko wane ne ya fara ƙirƙiro ta, da kyakkyawar niyya ya yi, amma ta faɗi abin da ba shi ne ba. Na'urar ba ta taɓa ƙoda ko kaɗan. Jini take ja daga jiki, ta tace shi, ta mai da shi, watau tana yin aikin da ƙoda ta kasa. Bahaushe kuwa ya san abin da aka wanke ya fita, riga in an wanke sai a sa. Saboda haka dangi sukan sayar da gona su tara kuɗin wanki uku ko huɗu, suna zaton za a wanke ƙodar a ba su ɗan’uwansu su koma gida. Ran da aka ce su dawo jibi, da gata, da mako mai zuwa, sai su ga kamar an yaudare su. Da tun farko an ce musu "tace jini", aka kuma bayyana cewa na'ura aron ƙoda ce, da sun yi shawararsu da ido buɗe. "Dashen ƙoda" kuwa ba ni da ja a kanta, manomi ya san dashe, ya san yana kamawa yana kuma ƙin kamawa, ya san sai da ban-ruwa.

Gishiri ma yana da tasa matsalar ta suna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya wuce giram 5 a rana, watau ƙasa da cikin ƙaramin cokali. In aka ce wa uwargida ta rage gishiri za ta rage, amma ta ƙara dunƙule biyu don miya ta yi daɗi, domin a wurinta dunƙule ba gishiri ba ne, alhali gishiri ne ya fi yawa a cikinsa. Haka kanwa, wadda sinadarin sodiyam ya haɗa ta da gishiri. Tun a 1978 Davidson da Parry na asibitin jami'a a Zariya suka buga nazarinsu kan ciwon zuciyar da ke kama masu jego, suka danganta shi da yawan kunun kanwa da zafin wankan jego. Likitan da ya ce "gishiri" ya tsaya, ya faɗi sulusin magana ne.

Abin da ke iya yiwuwa

Ba sai an jira babban likita ya tare a Damari ko Yankara ko Ƙetare ba. Daga 2020 an gwada wani shiri a ƙananan asibitocin jihohin Kano da Ogun, tare da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da Hukumar Lafiya ta Duniya, inda ma'aikacin lafiya na karkara yake auna duk baligin da ya shigo, ya fara ba shi ƙwayar amlodifin bisa wata gajeriyar ƙa'ida da aka rubuta masa, ya ƙara mataki in bai danne ba, ya tura mai tsanani gaba. Lokacin da nake karatu a Ingila, ko mura ta kai ka wurin likita da wuya ka fito ba a ɗaura maka abin awo ba, kuma ba wata gwaninta ba ce ta sa suke gano cutar da wuri, wannan ɗabi'ar ce. Na'urar awo mai batir da tsinken gwada fitsari ba su fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba. A wurin da hanya ke iya rufewa gobe kuwa, hankali ya ba da a ba mutum maganin wata uku a hannu, da kati ɗan ƙarami mai shiga aljihu, a rubuta sunan ƙwayarsa da awonsa da boko da ajami, don in gudu ya kama shi ya nuna a duk garin da ya sauka.

Namu aikin, mu masu harshe, shi ne mu zauna da likitoci mu gyara jimlolin da ake faɗa a ɗakin awo da gidan rediyo. Ga shawarata ta farko, a tattauna. A bar cewa "jininka ya sauka", a ce "magani ya danne shi", domin Bahaushe ya san abin da aka danne in an ɗaga hannu zai taso. A bar cewa za a yi maganin hawan jini, a ce kiwonsa ake yi, tun da muna da "kiwon lafiya" a bakinmu, kuma ba makiyayin da ya taɓa kora shanu kwana ɗaya ya ce ya gama. A ce "tace jini" a maimakon "wankin ƙoda". In za a hana gishiri a ambaci dunƙule da kanwa da sunansu. Sa'an nan a sami jimla ɗaya gajeriya wadda za ta haɗa ƙofofin nan biyar, wadda mai kemis da wanzami da ungozoma da limami za su iya riƙewa: duk wanda ciwon kai mai tsanani ya haɗu masa da dishi-dishin gani, ko haki, ko kumburi, ko jijjiga, a auna jininsa yau, kafin a ba shi komai. Na riga na ba ɗalibaina na ajin fassara waɗannan jimloli su kai gida lokacin hutu, su karanta wa iyayensu da kakanninsu, su rubuto mini abin da kowanne ya ce ya fahimta, da kalmar da shi zai fi so a faɗa masa.